Wa ya sa wa Draupadi addu'a a baki? Yadda masana ke tonon muryar mace a tsoffin labaran Hindu da na Buda

A cikin Mahabharata, doguwar waƙar nan ta Indiya da aka tsara da harshen Sanskirit, akwai wani fage da mabiya addinin Hindu ke ji tun suna goye. Sarki Yudhishthira ya zauna caca da 'ya'yan baffansa. Aka cinye masa dukiya, aka cinye ƙasa, ya zuba ƙannensa huɗu aka cinye, ya zuba kansa aka cinye, daga ƙarshe ya zuba Draupadi, matar da su biyar ɗin ke aure. Da aka aika a zo da ita, sai ta ce wa manzon ya koma ya tambayo mata abu ɗaya: wa sarki ya fara rasawa, kansa ko ita? In ya riga ya zama bawa, da wane iko ya zuba ta? Aka jawo ta da gashi zuwa zauren fada, tana cikin haila, zane ɗaya ne a jikinta. Dattawan fada suka kasa amsa mata. Bhishma, babbansu, iyakar abin da ya iya cewa shi ne sha'anin gaskiya da shari'a yana da siriri. Sai Duhshasana, ɗaya daga cikin 'ya'yan baffan, ya kama zanenta zai tuɓe ta, amma duk wanda ya janye sai wani ya bayyana a jikinta.

Yadda ake ba da labarin yau, a wannan gaɓar Draupadi takan ɗaga hannu ta kira Krishna, ɗaya daga cikin allolin Hindu, shi kuma ya yi ta aiko mata da zane. Da masana suka tattara kwafe-kwafen hannu na waƙar suka jera su, sai suka tarar wannan addu'ar ba ta cikin dukkansu, kuma inda take ma kalmominta sun sha bamban daga kwafi zuwa kwafi. A tataccen bugun da aka fitar, wanda Franklin Edgerton ya shirya wannan sashe nasa a 1944, addu'ar ta sauka zuwa ƙasan shafi. Abin da ya rage a tsakiyar shafin shi ne mace da ta ɗaure majalisar maza da tambayar shari'a, kuma zane ya zo mata ba tare da ta roƙi kowa ba. Bambancin ba ƙarami ba ne. Ta farko baiwar allahnta ce da aka ceta saboda miƙa wuya. Ta biyu kuwa ita ce ta yi ceton, domin da tsohon sarki Dhritarashtra, baffan mazanta, ya firgita ya ce ta roƙi abin da take so, sau biyu 'yancin mazanta ta roƙa, da ya ƙara mata dama ta uku kuma ta ce ya isa.

Yawancin binciken jami'a kan jinsi a waɗannan labarai a irin wannan wuri yake yin aikinsa. Tambayar ko addinin ya girmama mace ko ya wulaƙanta ta ba ta kai mai bincike ko'ina, don duk amsar da mutum ke so zai sami baitin da zai kafa hujja da shi. Littafin dokokin Manu, wanda ake kyautata zaton an haɗa shi wajen ƙarni na 2 miladiyya, a babi na 3 ya ce inda ake girmama mata alloli kan yi murna, a babi na 9 kuma ya ce uba ke tsaron mace tana ƙarama, miji a ƙuruciyarta, 'ya'ya a tsufanta, ba ta cancanci cin gashin kai ba. Tambayoyin da ke da amfani su ne: wannan magana yaushe ta shigo, wa ya adana ta, wa ake karanta wa, kuma me duwatsu da gine-gine ke cewa game da matan da suka rayu a lokacin.

Sai an san wahalar kayan aikin kafin a gane dalilin taka-tsantsan ɗin. An yi ta rubuta waɗannan littattafai ne a kan ganyen wani nau'in giginya, a Kashmir kuma a kan ɓawon itace. Damina da gara ba sa barin irin wannan ya wuce 'yan ƙarnoni, don haka kowane littafi ya bi ta hannun masu kwafa da yawa, kowanne kuma yana iya ƙara baitin da ya ji a garinsu. Mafi yawan masana na ganin Mahabharata ta taru ne tsakanin wajen shekara ta 400 kafin miladiyya zuwa wajen 400 miladiyya, amma kwafen da ke hannu sun zo bayan haka da ƙarnoni masu yawa. Cibiyar Bhandarkar da ke Pune ta fara aikin tacewa a 1919, ba ta gama ba sai 1966. An duba kwafi 1,259, aka fitar da mujalladi 19. V. S. Sukthankar, wanda ya jagoranci aikin daga 1925 har rasuwarsa a 1943, shi ya kafa ƙa'idar. Ana raba kwafen gida-gida bisa haruffan da aka rubuta su da su, na arewa irin su Sharada da Devanagari da Bengali, na kudu irin su Grantha da Telugu da Malayalam. Baitin da ya bayyana a dukkan gidajen ya zauna a matani. Wanda wasu gidaje kaɗai ke da shi ya koma ƙasan shafi ko rataye. In kwafin Kashmir a can ƙuryar arewa ya dace da na Kerala a can ƙuryar kudu, ana ba wannan nauyi sosai, don da wuya a ce ɗaya ya kwafa daga ɗaya. Wanda ya san yadda malaman hadisi ke tara hanyoyin ruwaya su gwama zai gane dabarar, sai dai a nan babu jerin sunayen maruwaita, takardun ne kawai ke shaidar junansu.

Hanyar tana da iyakarta. Tana mayar da mai bincike ne zuwa ga kwafin da dukkan kwafen da suka tsira suka fito daga gare shi, ba zuwa ranar da aka fara rera waƙar ba. Tana kuma fifita gajeren zubi a kan dogo bisa zaton cewa masu kwafa ƙari suke yi, ba ragi ba. Yawanci haka ne, amma mai kwafan da wata magana ta ba shi kunya zai iya tsallake ta, kuma maganganun da suka shafi jikin mace suna cikin irin waɗannan.

Wani lokacin ba a buƙatar kwafi dubu, labari ɗaya ne aka ba da shi sau biyu. Romila Thapar ta bi sawun Shakuntala a littafinta na 1999. A Mahabharata, yarinyar daji ce mai baki. Kafin ta yarda da Sarki Dushyanta sai da ta gindaya sharaɗi cewa ɗanta ne zai gaji sarauta. Da ta kawo yaron fada, sarki ya gane ta sarai amma ya musa, ita kuma ta tsaya ta wanke shi tas a gaban jama'a, ta juya za ta tafi, sai murya daga sama ta gaskata ta. Mawaƙi Kalidasa, wanda ya rayu wajen ƙarni na 4 zuwa na 5, ya mayar da labarin wasan kwaikwayo ya shigo da tsinuwar wani waliyyi da zoben da ya faɗa ruwa kifi ya haɗiye. Yanzu sarki mantuwa ya yi, ba shi da laifi, Shakuntala kuma ta zama mai kunya da kuka. Wannan ta biyun ce William Jones ya fassara zuwa Ingilishi a 1789, Turai ta yi ta yabo, daga baya 'yan bokon Indiya suka karɓe ta a matsayin hoton macen Indiya ta asali.

Sita, matar Rama a Ramayana, ɗaya babbar waƙar ta Indiya, ta fi kowa shan irin wannan gyara. Layin da ake cewa Lakshmana, ƙanen Rama, ya zana a ƙofar bukka ya ce kada ta tsallaka, wanda har yau ake yi wa 'yan mata gargaɗi da shi, ba ya cikin waƙar Valmiki, mawaƙin da ake jingina wa Ramayana ta Sanskirit. Korar da Rama ya yi mata tana da juna biyu saboda tsegumin gari tana cikin littafi na bakwai, wanda masana da yawa ke ɗauka ƙari ne na baya. Tulsidas, da ya fara nasa zubin a 1574, ya bar korar gaba ɗaya, ya kuma ce wadda Ravana, sarkin dodanni, ya sace inuwar Sita ce, ta gaskiyar tana ɓoye cikin wuta. A labarin Dasaratha Jataka na mabiya Buda, Rama da Sita wa da ƙanwa ne, babu sata babu yaƙi. A na mabiya addinin Jain, Lakshmana ne ya kashe Ravana, Sita kuma ta ƙare da shiga zuhudu. Velcheru Narayana Rao ya tattara waƙoƙin da matan Telugu ke rerawa a cikin gida, inda yaƙin bai dame su ba, hankalinsu na kan naƙuda da biki da zaman surukai. Muƙalar A. K. Ramanujan kan yawan waɗannan zubi, wadda ta fito a 1991, ita ce Jami'ar Delhi ta cire daga manhajar tarihi a 2011 bayan matsin lambar ƙungiyoyin masu kishin Hindu. Wannan fage ne da ake ƙona littafi a kansa, ba hirar ɗakin karatu ba ce kawai.

Babban kuskuren da ya daɗe yana yawo shi ne batun zamanin zinare. Asalinsa siyasa ce. James Mill, a tarihin Indiya da ya wallafa a 1817, ya auna wayewar al'umma da halin da matanta ke ciki, ya yanke wa Hindu hukuncin koma baya, Turawan mulki kuma suka riƙe wannan a matsayin hujjar zamansu. Masu kishin ƙasa suka mayar da martani da cewa a zamanin Veda, wato tsoffin littattafan ibadar Hindu, mata na karatu, suna zaɓen miji, suna tsara waƙoƙin ibada, lalacewa daga baya ta zo. Littafin A. S. Altekar na 1938 shi ya zama madogarar wannan ra'ayi har tsawon rabin ƙarni. A 1989 Uma Chakravarti ta yi masa tambayar da ba shi da amsarta: ina kuyangar zamanin Veda ta shiga? Waƙoƙin godiya na Rigveda, mafi tsufa cikin littattafan Veda, suna lissafa bayi mata cikin kyautar da sarakuna ke ba limamai, tare da shanu da dawaki. Zamanin zinaren na matan manyan gidaje ne kaɗai, su ma ɗin an tsinto su ne ɗaiɗai.

Tsintattun kuma ba su cika ɗaukar nauyin da ake ɗora musu ba. Rigveda na da waƙoƙi 1,028. Wani fihirisa da aka haɗa daga baya ya jingina kaɗan daga ciki ga mata irin su Ghosha da Apala da Lopamudra, amma sau da yawa mai fihirisar sunan da ya gani a cikin waƙar ya ɗauka ya ce shi ne mawaƙin. Mace ta yi magana a cikin waƙa daban, mace ta tsara waƙa daban. Gargi ta littafin Brihadaranyaka Upanishad ta tsaya a fadar Sarki Janaka, inda aka ɗaure shanu dubu da zinariya a ƙahoninsu don wanda ya fi ilimi, ta yi ta jero wa malami Yajnavalkya tambayoyi har ya ce mata ta bar wuce gona da iri kada kanta ya faɗi. Ta dawo karo na biyu ta ce ta zo da tambaya biyu kamar kibau biyu a hannun jarumi. Labari ne mai daɗi, kuma yana nuna masu sauraro na iya hasko mace a irin wannan zaure. Bai gaya mana mata nawa aka koyar ba. Aikin Stephanie Jamison na 1996 ya fi kusa da ƙasa, don ta bar tatsuniya ta shiga littattafan tsarin hadaya. A can ta tarar ba a yin babbar hadaya sai mai yin ta yana da mata, ana ɗaura wa matar igiyar ciyawa a ƙugu, ana kawo man shanun hadaya ta dube shi kafin a yi amfani da shi. Ba a iya yi ba ita, ita kuma ba ta iya yi don kanta.

A ɓangaren Buda labari ɗaya ne ya fi cin tawada, wato yadda aka kafa ƙungiyar bikkuni, matan da suka bar gida da aure suka aske kai suna rayuwa da sadaka kamar takwarorinsu maza, bikku. Zubin harshen Pali yana babi na 10 na Cullavagga, wani sashe na littafin dokokin bikku da bikkuni. Mahapajapati Gotami, ƙanwar mahaifiyar Buda wadda ta shayar da shi bayan rasuwar uwarsa, ta roƙe shi sau uku a Kapilavatthu ya bar mata su shiga, ya ƙi. Ta aske kanta, ta sa tufafin zuhudu, ta bi shi a ƙasa har Vesali da ayarin mata. Ananda, almajirin Buda mai yi masa hidima, ya same ta a bakin ƙofa ƙafafu a kumbure, jiki duk ƙura, tana kuka. Ya shiga ya roƙa, aka ƙi. Sai ya sauya salo ya tambaya ko mace na iya kaiwa ga matuƙar kuɓuta in ta shiga wannan hanya. Buda ya ce tana iyawa. Daga nan ya yarda, bisa sharuɗɗa takwas masu nauyi. Na farkonsu: bikkunin da ta shekara 100 a ƙungiya za ta miƙe ta gaida bikkun da aka shigar yau. Na ƙarshe: bikku na iya yi wa bikkuni gyara, ita ba ta iya yi masa. Sannan ya ce da koyarwarsa za ta yi shekara 1,000 da tsarkinta, yanzu sai 500, ya kwatanta shigar mata da cutar da ke faɗa wa gonar shinkafa da ta rake, sharuɗɗan kuma da madatsar da ake ginawa kafin ruwa ya zo.

Masu bincike sun kama labarin ta wurare da dama. Sharaɗi na shida ya ce mace za ta yi horon shekara biyu sannan ta nemi shiga daga ƙungiyoyi biyu, ta maza da ta mata, alhali a ranar da ake cewa an faɗi haka babu ƙungiyar mata. Wasu daga cikin sharuɗɗan sun sake bayyana a jerin dokokin bikkuni a matsayin ƙananan laifuka da furta su kawai ke wankewa, kowanne da labarin abin da ya jawo kafa shi, kamar ba a taɓa jin sa ba. Sannan ƙungiyoyin Buda na farko sun rabu gida-gida, kowane gida ya adana littafin dokokinsa, wasu sun tsira da Pali ko Sanskirit, wasu a fassarar Sinanci da Tibet. Da aka jera su sai aka ga jerin sharuɗɗan ya saɓa, wurin da maganar shekara 500 ta faɗo ma ya saɓa. Bhikkhu Analayo, wanda ya wallafa nazarinsa a 2016, ya nuna cewa a wasu zubin ƙin farko ba ƙi ne zalla ba, Buda ya ce wa Gotami ta aske kai ta sa tufafin ta yi zuhudunta a gida, abin da ya fi kama da tsoron halin da mace za ta shiga a hanya. Oskar von Hinüber kuwa a 2008 ya tafi can nesa, ya ce ƙungiyar matan bayan rasuwar Buda aka kafa ta. Ba su daidaita ba. Abin da kusan kowa ya yarda da shi shi ne labarin da ke hannu ɗinki ne na hannaye da yawa.

A nan akwai tarkon da masu son addinin ke yawan faɗawa: duk abin da ya yi daɗi a ce na Buda ne, duk abin da ya yi ɗaci a ce sufayen baya ne suka cusa. Wani lokacin hujja na goyon bayan haka. Nassin Pali da ya ce mace ba za ta taɓa zama cikakken Buda ba, takwaransa a tarin Madhyama Agama na Sinanci ba shi da wannan sashe, kuma wannan shaida ce ta gaske. Amma inda babu irin wannan saɓani, cewa magana ƙari ce don kawai ba ta yi wa mai karatu daɗi ba son zuciya ne. Alan Sponberg a 1992 ya ba da mafita mafi gaskiya: ba murya ɗaya ce a littattafan ba. Akwai mai cewa hanyar kuɓuta a buɗe take ga kowa, akwai ta hukuma mai son mata su zauna ƙarƙashin maza don kare sunan ƙungiya a idon masu ba da sadaka, akwai ta mai gudun sha'awa da ke zagin jikin mace don ya tsare kansa, akwai ta baya da ke cewa namiji da mace duk suna ne. Suna iya haɗuwa a shafi ɗaya. Muryar hukumar ta fito fili a inda Gotami ta dawo ta roƙi a riƙa gaisuwa bisa daɗewa a ƙungiya, aka ce mata ko sauran ƙungiyoyin zuhudu ba su yarda da haka ba. Labaran Jataka 547 na rayuwoyin Buda na baya su ma sun nuna inda aka ja layi: ya zo a biri, ya zo a giwa, ya zo a ɓarawo, bai zo a mace ba ko sau ɗaya.

Therigatha ce ta sa fagen ya yi armashi. Waƙoƙi 73 ne, baiti ɗari biyar da 'yan kai, da aka jingina ga bikkuni na farko, an jera su daga mai baiti ɗaya zuwa mafi tsawo. An riƙe su da ka ƙarnoni kafin a rubuta littattafan Pali a Siri Lanka a ƙarni na 1 kafin miladiyya. Mutta ta ce ta kuɓuta daga karkatattun abubuwa uku: turmi, taɓarya, da mijinta mai doro. Soma, da Mara mai ruɗi ya ce mata mace mai wayon yatsa biyu ba za ta kai inda masu hikima ke kaiwa ba, ta ce me zama mace zai hana in zuciya ta natsu. Mai sharhi ya ce yatsu biyun su ne waɗanda mace ke latsa ƙwayar shinkafa da su ta ji ko ta nuna. Patacara ta ba da labarin daren da ta wanke ƙafafunta, ta bi ruwan da ido yana gangarawa daga tudu zuwa kwari, ta shiga ɗaki da fitila, ta duba shimfiɗa, ta ɗauki allura ta ja lagwanin ƙasa, mutuwar fitilar ta zo daidai da sakin zuciyarta.

Ko mata ne suka tsara su? Kafin a yi saurin cewa turmi da taɓarya sai mace, a duba tarin waƙoƙin maza, Theragatha. A can wani Sumangala ya ce shi ma ya kuɓuta daga karkatattun abubuwa uku: lauje, garma da fartanya. Ke nan akwai ƙirar da ake zuba waƙa a ciki. Wasu baitocin ma ana yi wa bikkunin magana ne, ba ita ke yi ba, wasu kuma an maimaita su da sunaye daban. Kathryn Blackstone a 1998 ta bi hanya mai wahala, ta ƙirga kalmomi da jigogi a tarin biyu ta gwama. Ta tarar waƙoƙin mata sun fi maganar dangi da rikicin barin gida da ruɓewar jikin mai maganar kanta, na maza kuma sun fi kaɗaici a daji da ƙyamar jikin wata. Wannan bai tabbatar da sunan kowace mawaƙiya ba, amma ya sa ya yi wuya a ce duk maza ne suka zauna suka ƙaga.

Akwai kuma rikicin waƙa da sharhi. Labarin Kisa Gotami, wadda ta ɗauki gawar ɗanta tana neman magani aka ce ta samo ƙwayar mastad daga gidan da ba a taɓa mutuwa ba, ba ya cikin waƙarta. Daga littattafan sharhi ya fito, irin na Dhammapala wanda ya rayu wajen ƙarni na 6 miladiyya, kusan shekara dubu bayan matan. Abin mamaki, waƙar da ke ɗauke da sunanta tana maganar miji da ya mutu a hanya, 'ya'ya biyu da suka rasu, uwa da uba da ɗan'uwa suna ƙonewa a wuta ɗaya, wanda a sharhi labarin Patacara ne. Duk wanda ya haɗa waƙa da sharhi ya kira shi tarihin rayuwar wance ya gina a kan rairayi. Fassara ma na ƙara nata. Caroline Rhys Davids ta fassara tarin a 1909 lokacin da matan Ingila ke fafutukar ƙuri'a, kuma ana jin wannan iska a zaɓin kalmominta. A 2020 an buga wani littafi a Amurka da sunan fassarar waƙoƙin, masana Pali suka nuna cewa yawancinsa ƙirƙirar marubucin ce, har kamfanin ya sauya bayanin da ke bangon.

Shaidar da ba ta bi ta hannun masu kwafa ba ita ce ta dutse. Umarnin Sarki Ashoka na ƙarni na 3 kafin miladiyya, a Bairat da Sarnath da Sanchi, suna ambaton bikku da bikkuni tare, don haka ƙungiyar matan ta kafu kafin lokacin. A ginin Sanchi an sassaƙa sunayen ɗaruruwan masu ba da gudummawa a jikin shinge, kuma Gregory Schopen ya nuna cewa adadin bikkuni a cikinsu ya yi kusa da na bikku. Matan da littafi ya nuna a matsayin kaya a wuyan ƙungiya, ga su da abin hannunsu suna biyan kuɗin gini. A farkon mulkin Sarki Kanishka wata bikkuni mai suna Buddhamitra ta kafa gumaka a Kosambi, rubutun kuma ya kira ta masaniyar kwanduna uku, wato dukkan rukunan nassi. Dutsen ma yana da nasa gibin, don mai kuɗi kaɗai yake tunawa. Bayan wasu ƙarnoni sunayen bikkuni suka yi ta raguwa a rubuce-rubucen Indiya. Dokokinsu sun fi yawa, 311 a kan 227 na maza a tsarin Theravada, ɓangaren mabiya Buda da ke bin littattafan Pali, an hana su zaman daji, gidajensu na cikin gari, kuma ba sa iya shigar da sabuwa sai da hannun maza. Ƙungiyar da aka ɗaure haka ita ce ke fara mutuwa in sadaka ta ja baya.

Wannan ne ya sa gardamar ba ta tsaya a jami'a ba. Tarihin Siri Lanka ya ce Sanghamitta 'yar Ashoka ce ta kai ƙungiyar mata tsibirin, daga can kuma wasu bikkuni suka je ƙasar Sin ta teku a ƙarni na 5 suka shigar da mata a Nanjing. A Siri Lanka silsilar ta yanke wajen ƙarni na 11, a Sin da Koriya da Biyetnam ta ci gaba. Masu ra'ayin riƙau na Theravada suka ce tunda sharaɗi na shida na buƙatar bikkuni, kuma babu su, ƙofa ta rufe. Masu son farfaɗowa suka kawo hujja biyu, dukkansu daga irin binciken da aka bayyana: silsilar Sin asalinta daga Siri Lanka take, sannan a cikin Cullavagga ɗin akwai izinin da Buda ya ba bikku su shigar da mata su kaɗai, wanda ba a ce an soke shi ba. Wasu malaman, irin su Thanissaro Bhikkhu, sun ce izinin baya ya shafe na farko. An shigar da matan Siri Lanka goma a Sarnath a 1996, aka yi wani babban taro a Bodh Gaya a 1998. Malamar jami'a 'yar Tailan, Chatsumarn Kabilsingh, ta je Siri Lanka aka shigar da ita a 2003 da sunan Dhammananda. A Butan, shugaban addinin ƙasar ya shigar da mata fiye da 140 a 2022. Hukumar addinin Tailan kuwa tana nan a kan umarnin 1928 da ya hana bikku shigar da mata, kuma ba ta amince da Dhammananda da almajiranta a matsayin bikkuni ba.